Kana Son Fara Koyon Kodin? Zauna In Faɗa Maka Ta Inda Ake Bi

Kusan duk sati sai wani ya tare ni, ko a majalisa bayan isha'i ko a waya, "yaya don Allah ina son in koyi kodin ɗin nan da kake yi, ta ina zan fara?" Sai in tambaye shi me ya yi zuwa yanzu, sai ya buɗe min wayarsa in ga bidiyo arba'in ya sauke, wannan na Python wannan na Java wancan na kutse, babu guda ɗaya da ya kalla ya kai rabi, kuma bai taɓa rubuta ko layi ɗaya da hannunsa ba. To na gaji da maimaita magana ɗaya shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta ta gaba ɗaya, duk wanda ya ƙara tambaya in tura masa. 'Yan'uwa mata har da ku nake, don dai bakina ya saba da "kai" ne.

Da farko ma mene ne kodin ɗin, wato furogiramin? Ba wani tsafi ba ne. Ka taɓa aiken ƙaramin yaro kanti? Yaron da in ka ce "sayo min sukari" zai je ya tarar babu ya tsaya a bakin shagon har magariba saboda ba ka gaya masa abin da zai yi in babu ba. To kwamfuta ta fi yaron nan rashin dabara, sai dai ta fi shi sauri nesa ba kusa ba kuma ba ta gajiya ba ta mantuwa. Aikinka shi ne ka jera mata umarni dalla-dalla: je kanti, in akwai sukari sayo na ɗari biyar, in babu wuce shago na gaba, ka dawo da canji. Yaren da ake rubuta wannan umarni da shi, shi ne su Python da JavaScript da kake jin ana faɗa. Shi ke nan fa.

Kayan aiki, kafin ka ce ba ka da laftof

Wannan shi ne uzurin farko da kowa ke kawowa. Gaskiya laftof ta fi daɗi ba zan yi maka ƙarya ba, amma watanni biyu ko uku na farko wayar Android ɗin da ke hannunka ta isa. Shiga Play Store ka sauke Pydroid 3, manhaja ce da za ka rubuta Python a cikinta ka danna ta yi aiki ko babu data. In shafin intanet kake son koya akwai Acode. Abin da zai ba ka haushi shi ne kibod ɗin waya, neman baka, wato ( ), da alamar zance da ɗigo biyu zai sa ka ji kamar ka yi jifa da wayar, to maganinsa ka je kasuwar waya ta Farm Centre a nan Kano ka sayi ɗan kibod na kwamfuta da 'yar igiyar OTG mai haɗa kibod da waya ka jona, ka jingina wayar da kofin shayi, wallahi ka zama injiniya. Ni da haka na fara, a kan tabarma, wayar ma fuskarta a fashe.

In kuma Allah ya hore maka za ka sayi laftof ta hannu a kasuwar kwamfuta ta titin Beirut, kar ka bari kyan jiki ya ruɗe ka. Abu uku za ka duba. RAM, wato wurin da take riƙe aikin da take kan yi, ya zama 8GB in da hali, 4GB ma zai yi maneji. Ma'ajiyarta ta zama SSD ba tsohon hadis mai juyawa ba, bambancin saurinsu kamar mai mashin ne da mai tura baro. Na uku kuma wanda ya fi duka a garin nan, batir. Ka ce a cire caja a gabanka ka zauna ka ga yadda lambar ke sauka, kar ka ji kunyar ɓata wa mai shago lokaci, don in ka kai gida aka ɗauke wuta ta mutu cikin minti ashirin kai za ka yi kuka ba shi ba. Kuma ka danna kowane maɓalli ka ga yana aiki. Ka je da wanda ya san harkar in kana da shi. Ba ka buƙatar irin laftof ɗin masu gem mai fitilu kala-kala, kuɗin banza ne a wannan matakin.

Wane yare?

Nan ne mutane ke ɓata wata shida suna gardama. Ni dai ga ra'ayina, in ba ka san me kake so ba tukunna, ɗauki Python ka rufe kunnenka. Wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, ya fitar da shi a 1991, kuma tun asali an gina shi ne don ya yi sauƙin karantawa, babu tarin alamomi barkatai. Da shi ake aikin tantance bayanai da ƙirƙirarriyar basira da bayan fagen shafukan intanet. Ka tabbata Python 3 kake koya, in ka ga tsohon bidiyo ana rubuta print babu baka to na Python 2 ne, an daina kula da shi tun farkon 2020, wuce shi.

In kuwa ka riga ka san shafin intanet kake son ginawa, ka ga abu da idonka yana canza kala, to hanyarka ita ce HTML sannan CSS sannan JavaScript, a jere haka ba tsallake. HTML shi ne bulo da ginin, CSS fenti da tayil, JavaScript kuma wayarin ɗin da ke sa in ka danna makunni fitila ta kama. Shi JavaScript ɗin Brendan Eich ya haɗa shi a 1995 cikin kwana goma kacal, in ka shiga cikinsa ka ga wasu halayensa na ban mamaki za ka yarda da gaggawa aka yi shi. Kuma ba shi da dangantaka da Java, suna ne kawai ya yi kama, kamar Ɗanjuma da Jummai.

Masu son manhajar waya za su ji ana Flutter ana Kotlin, suna nan ba inda za su, ka fara samun tushe tukunna. Wanda ya iya tuƙa adaidaita ba ya shan wahalar koyon mota, yare na biyu ba ya cin rabin lokacin na farko. Amma mai bin zomo biyu ka san ƙarshensa.

Maganar Turanci kuma, kar ta tsorata ka. Kalmomin da Python ya keɓe wa kansa 35 ne kacal, irin su if da else da for da while, kuma rabinsu ma sai ka daɗe ba ka taɓa su ba. Turancin da kake buƙata shi ne na karanta bayani da fahimtar saƙon kuskure, wannan kuma yana ƙaruwa ne kana cikin yi. Lissafi ma haka, in ka iya ba da canji a kasuwa ka isa farawa.

Ranar farko

In laftof ce, je python.org ka sauke, kuma a Windows in shafin sakawa ya buɗe ka duba ƙasa akwai ɗan akwati da ke maganar PATH, ka danna masa alama kafin ka ci gaba. Mutum nawa na gani sun kwana biyu suna fama kwamfuta na cewa ba ta san Python ba saboda akwatin nan kaɗai. Sai ka sauke VS Code, nan za ka riƙa rubutu, kyauta ne. Buɗe sabon fayil ka sa masa suna gwaji.py ka rubuta:

```
suna = input("Ya sunanka? ")
print("Sannu da zuwa", suna)
```

Ka kunna shi. Zai tambaye ka suna, ka rubuta, ya gaishe ka. Ƙaramin abu ne amma ka riga ka taɓa abu uku: karɓar bayani, ajiye shi, fito da shi. Wancan "suna" da ka gani mazubi ne, kamar kwanon da ka manna wa takarda ka rubuta abin da ke ciki, masu harkar na ce masa bariyebul. Kuma ka lura da Hausa na sa masa suna, Python bai damu ba, har ƙ da ɗ yana karɓa a sunan mazubi.

Amma ga wani tarko da ke kama mu Hausawa musamman wanda ba za ka ji shi a bidiyon Bature ba. Python yana yarda ka kewaye rubutu da alamar zance guda ko biyu. To ka rubuta print('ina 'yan kasuwa') ka gani, jan rubutu zai fito, saboda alamar da ke gaban 'yan ya ɗauka ka rufe maganarka ne. Haka sana'a, haka jama'a, haka ma'aikaci. Don haka in Hausa kake rubutawa ka saba da mai biyun tun yau ka huta.

Kwana na biyu ko na uku sai sharaɗi:

```
kudi = int(input("Nawa ne a aljihunka? "))
if kudi >= 500:
    print("Tare adaidaita")
else:
    print("Taka sayyada")
```

Abu biyu a nan. Ka ga tazarar da ke gaban print ɗin nan, ba ado ba ce, da ita Python ke gane wane umarni ne ke ƙarƙashin wane, tazara huɗu aka saba, in ka ɓata ta zai ƙi aiki. Na biyu kuma int ɗin can, shi ke mayar da rubutu lamba. Duk abin da mutum ya shigar ta input rubutu ne a wurin kwamfuta ko da lamba ya danna. Cire int ɗin ka karɓi 500 da 200 ka ce a haɗa, amsar da za ka samu 500200 ce, ta manna su ne kawai kamar yadda ake manna kalmomi. Ranar da wannan ya fara faruwa da ni na fi awa ɗaya ina kallon fuskar waya ina cewa lallai manhajar ce ta lalace. Ba ita ba ce, ni ne. Kusan kullum kai ne.

Abubuwa shida da za su ci maka wata biyu

Mazubi, sharaɗi, zagaye wato maimaita aiki da for ko while, jeri, ƙamus mai haɗa suna da darajarsa, sai fankishin wanda shi ne ka ɗaure wani aiki ka ba shi suna ka riƙa kiransa duk sanda kake so kamar yaron aike. Duk wata babbar manhaja da ka sani waɗannan ne a cikinta an jera an sake jerawa. Kar ka yi gaggawa a kansu, musamman zagaye da fankishin, nan ne kai ke ɗaukar zafi kuma nan ne yawancin mutane ke ajiyewa su ce abin ba nasu ba ne. Kuma ka riƙe cewa a jeri ƙirga daga 0 take farawa ba 1 ba, abu na farko shi ne na 0, zai ba ka haushi sati guda sannan ka saba.

A ina za ka koye su? Wuri ɗaya za ka zaɓa ka bi shi har ƙarshe. freeCodeCamp kyauta ne gaba ɗaya kuma a cikin shafin kake rubutawa yana duba maka, ya fi dacewa da masu bin hanyar shafin intanet kuma ba ya shan data kamar bidiyo. Jami'ar Harvard tana da kwas mai suna CS50 da David Malan ke koyarwa, akwai ma na Python zalla, duk suna YouTube kyauta, sai dai ayyukansu da zafi, in ya yi maka nauyi ka ajiye ka dawo bayan wata guda ba abin kunya ba ne. Akwai 'yan'uwanmu da ke koyarwa da Hausa a YouTube suma, ka fara da su in Turanci na yi maka sauri. Dabarar data kuwa ka san ta, ka sayi ta dare ka sauke darasin sati guda lokaci ɗaya, ka rage ingancin hoton daidai yadda za ka iya karanta rubutun allon.

Ga dokar da ba na sassauci a kanta: duk minti goma na kallo, ka tsayar ka rubuta abin da ka gani da yatsunka, ba kwafa da mannawa ba. Sannan ka ɓata shi da gangan, canza lamba, goge layi, ka ga me zai faru. Kallon mai gyaran mashin shekara goma a Ƙofar Ruwa ba ya sa ka iya kwance inji, sai hannunka ya yi baƙi. Kuma awa ɗaya kullum ta fi awa takwas ranar Lahadi, ni bayan asuba na fi ganewa, gari shiru, waya ba ta ƙara, batir a cike in an samu wutar dare. Mutanen da suka iya shafe wata da watanni suna danna fuskar waya saboda mainin ba za su ce min ba su da awa ɗaya ba.

Jan rubutu ba zagi ba ne

Sabon shiga da ya ga saƙon kuskure sai gabansa ya faɗi ya rufe komai. Tsaya ka karanta, daga layin ƙarshe za ka fara, shi ke faɗin irin matsalar, na samansa kuma ya gaya maka lambar layin. SyntaxError na nufin ka karya ƙa'idar rubutu, galibi ka manta baka ko ɗigo biyu. NameError ka kira sunan da bai sani ba, duba ko ka rubuta Kudi a wani wuri kudi a wani, babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinsa. TypeError ka haɗa abin da ba ya haɗuwa, kamar lamba da rubutu. In ka kasa, kwafi layin ƙarshen nan ka zuba a Google, da wuya ka zama na farko da ya faɗa ramin, a shafin Stack Overflow tun 2008 ake tara irin waɗannan tambayoyin.

Su ChatGPT fa? Ina amfani da su ba zan ɓoye ba, amma a watannin farko kar ka ce ya rubuta maka. Ka ce ya bayyana maka me saƙon ke nufi, ko ya ba ka aikin gwaji, ko ya duba wanda ka rubuta ya nuna maka inda ka kauce ba tare da ya ba ka amsa ba. In ya rubuta maka komai za ka ji kamar ka iya, ranar da aka ajiye ka gaban allo babu shi sai zufa. Kuma yana yin kuskure da cikakkiyar gadara, wanda bai san tushe ba ba zai ma gane an yi masa shirme ba.

Gina abin unguwarku

Da ka gama shidan can, daina bin darasi ka nemi matsala ta gaske. Ba sai ka ƙirƙiro sabon Facebook ba. Dubi littafin bashin mai shagon layinku, wanda ya sha mai ya sha ruwa wasu shafukan sun yage. Fara da wannan:

```
bashi = {"mai shayi": 3500, "tela": 12000, "mai wanki": 800}
jimla = 0
for suna, kudi in bashi.items():
    print(suna, kudi)
    jimla = jimla + kudi
print("Jimlar bashi:", jimla)
```

Zai jero su ya ba ka 16300. To daga nan tambayoyi za su fara zuwa da kansu. Ya zan ƙara sabon mai cin bashi? In tela ya kawo dubu biyar ya zan rage? Me ya sa in na rufe na buɗe komai ya ɓace? Wannan ta ƙarshen ita za ta kai ka koyon ajiya a fayil, daga nan ta kai ka rumbun bayanai da SQL, yaren da ake magana da shi, kuma za ka koye su da yunwa saboda kana buƙatarsu ba don malami ya ce ba. In bashi bai burge ka ba yi na adashe, wa ya zuba wa bai zuba ba, kwasar wa ce wannan satin. Ko lissafin yadi da dila na ɗan Kwari, ko sakamakon jarrabawar Islamiyyarku da malam ke kwana yana haɗawa da kalkuleta.

A daidai nan ne za ka koyi Git, kar ka ɗaga. Linus Torvalds ya yi shi a 2005, aikinsa ya riƙa adana tarihin duk canjin da ka yi, in ka ɓata abu ka koma baya. GitHub kuma shafin da kake tura aikin ne ya zauna a intanet. Umarni huɗu sun ishe ka farawa, git init da git add da git commit da git push. Ni sai da hadis ɗina ya mutu da aikin wata uku a ciki, na kai wa mai gyara ya jujjuya ya ce sai haƙuri, sannan na koya, kai ba sai ka bi ta nan ba. Kuma shi ne shaidarka gobe, mai ba da aiki ya fi son ganin abin da ka gina a kan satifiket. Sai dai kar ka kuskura ka tura fasuwod ko wani makullin sirri can, duniya na gani.

Kar ka zauna kai kaɗai kuma. Akwai GDG, ƙungiyar masu kodin da ke ƙarƙashin Google, a Kano da ke shirya taruka, akwai ɗalibai masu harkar a BUK, akwai wurare irin su Startup Kano, gwamnatin tarayya ma ta fito da shirin 3MTT na koyar da fasahar zamani a 2023, ka riƙa bibiya in an buɗe. Ko duk babu, samu mutum biyu ku buɗe guruf ku riƙa tura wa juna abin da kowa ya rubuta duk Juma'a, kunyar a ce ba ka yi komai ba kaɗai za ta tashe ka. In za ka yi tambaya kuma kar ka ce "kodina ba ya aiki a taimaka", turo abin da ka rubuta, da saƙon da ya fito, da abin da ka gwada. Kuma duk wanda ya ce ka biya shi ya mayar da kai gwani cikin sati biyu ka fara cin dala, riƙe kuɗinka ka sayi data.

A gida ma ka yi bayani tun wuri, don in Baba ya ga kana kwana gaban laftof da baƙin allo abin da zai fara zuwa ransa 'yan yahu ne. Nuna masa abin da kake ginawa. Ni na bashin nan na fara nuna wa kawuna mai shago, ina ta jin kaina, ya karɓi wayar ya gyara tabarau ya shigar da suna, wurin kuɗi kuma maimakon 2000 sai ya rubuta "dubu biyu" da haruffa, nan take jan rubutu ya cika fuskar. Ya miƙo min ya ce "ɗana abin naka ba ya jin Hausa ne?" ya jawo littafinsa ya ci gaba da rubutu da biro. A daren na koyi try da except, masu tare kuskure kar ya tsayar da aikin, washegari na koma, sai ya shigar da mutum biyu masu suna ɗaya, na biyun ya goge bashin na farkon.